Yanke fiffiken ƙafar inji yana ƙara wa jirgin ruwa gudu?

Nura: Salamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakana: ƙafar injin da ke nutse cikin ruwa ita ke cinye gudu. In aka rage fiffiken da ke ƙarƙashin farfela, aka ɗora wa akwatin giya dogon hanci na alminiyam, dole jirgi ya ƙara sauri. Haka masu tsere ke yi. Injina Yamaha Enduro ne mai ƙarfin doki 40, kuma na yi niyyar yi masa.

Kawu Iliya: Wa alaikumus salam. Ɗana, jirgin naka kilomita nawa yake yi a awa?

Nura: In ni kaɗai ne a ciki, GPS ɗin waya na nuna 40 da 'yan kai.

Kawu Iliya: To ajiye zarton nan. Hancin da kake magana an yi shi ne don jiragen da ke haura kilomita 100 a awa. A irin wannan gudu ruwa kan rabu da jikin akwatin giya, iska da hayaƙi su isa farfela, ta saki ruwa farat ɗaya, bayan jirgi ya wulla gefe. Dogon hancin yana sa ruwan ya bi jikin ƙarfen har ya kai farfela. Sannan ana mayar da ƙofofin shan ruwa ƙarƙashin hancin, don a ɗaga inji sama sosai ba tare da ya yi zafi ba. Dalilin da ya sa kamfanin injin jirgin ruwa na Mercury ke ƙera ƙafar da ake kira Sport Master ke nan. Kai a gudun kilomita 40, ƙarin ƙarfe kawai za ka riƙa ja cikin ruwa.

Bashir: Kawu, da girmanka, ban yarda duka ba. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma in gudu ya ninka, turjiyar ruwa sau huɗu take ƙaruwa. Ke nan duk abin da aka rage a ƙasa riba ce, komai ƙanƙantarsa. Na goge ƙafar nawa da samfefa ta yi sumul, kuma na ga bambanci.

Malam Sabo: Bashir, ranar da ka goge ta ba ka canja farfela ba?

Bashir: Na canja, tsohuwar ta lanƙwashe a baki.

Malam Sabo: To ka ga inda bambancin ya fito. Cike gurbin da dutse ya fasa da goge kaushi gyara ne mai kyau, ba mai musu. Yanke fiffike kuwa wani zance ne daban. Shi ke riƙe jirgi a kan hanya, shi ke rage yadda juyin farfela ke jan sitiyari gefe guda, kuma shi ke fara cin karo da kututture kafin farfela. Na taɓa riƙe sandar injin da aka yanke wa rabi: hannu ba ya hutawa, kuma a kwana bayan jirgin zamewa yake. Da mutane a ciki wannan ba abin wasa ba ne.

Nura: Amma Malam, wasu sun yi kuma ba su kife ba.

Kawu Iliya: Zo mu yi lissafi. Injinka an tsara shi ya yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti in ka buɗe masa wuta duka. Giyarsa 2 zuwa 1 ce, wato a 5,500 farfela na juyi 2,750. In takunta, wato nisan da take ci gaba a juyi ɗaya, inci 13 ne, ƙarshen abin da za ta bayar a takarda wajen kilomita 54 ne a awa, kuma ruwa ba ya barin ta cika takun, sai ta zame. Ko ka aske ƙafar ta koma allura ba za ka wuce wannan ba. Nemo agogon juyi ka gwada da kayan da ka saba ɗauka. In bai kai 4,500 ba, farfelar ta yi masa nauyi. Kowane inci ɗaya na taku yana canja juyi kamar 150 zuwa 200. Sannan duba farantin saman farfela, ya kasance daidai da gindin jirgi. Sau da yawa za ka tarar ya nutse da yawa.

Bashir: A nan muna tare. Shi ya sa nake ganin a ɗaga injin rami biyu lokaci guda, a ramukan da ake ɗaure shi da jikin jirgi.

Kawu Iliya: Rami ɗaya, ka gwada, idonka na kan fitsarin ruwan sanyaya inji. In ya fara yankewa a kwana, ƙofofin na shan iska, robar famfo za ta ƙone, sai ka sauke shi.

Nura: Na fasa yanke fiffiken. Hancin dai har yanzu raina na kai.

Malam Sabo: In ka nace, kada ka bari a yi walda da giya da sil, wato robar da ke hana ruwa shiga, a ciki, zafi zai lalata su. Bayan fitar farko ka kwance ƙusar ƙasa ka duba man giyar. In ya fito fari-fari, ruwa ya shiga, kada ka sake tayar da injin sai an canja sil.