Gangunan baƙin mai da dagwalon fenti sun taru, ina mafita?

Mai Tambaya: Salamu alaikum jama'a. A masana'antarmu ganguna sun taru: baƙin mai, tina (ruwan tsinka fenti), da dagwalon fenti. An yi mana tallar injin da ke dafa su ba iska ya fitar da mai. Mu saya?

Injiniya: Wa'alaikumus salam. Kafin zancen inji, kada a zuba wannan cikin wancan. Kowace ganga da takardarta, a ɗebi samfur a auna kilorin, zaiba da dalma. Baƙin man da bai gauraya ba a kai shi inda ake sake tace shi ya koma man inji, ya fi ƙonawa nesa ba kusa ba.

Malamar Kimiyya: Tina da fenti kuwa ni tanderun siminti zan ce. Harshen wutarsa yana kusan digiri 2,000, kayan ciki suna kai 1,450, tokar kuma ta shige cikin simintin. A Jamus fiye da kashi 60 na zafin da masana'antun siminti ke buƙata daga shara yake fitowa. Amma ba kowace masana'anta ba, sai mai lasisi da na'urar auna hayaƙi, don zaiba ba ta ƙonewa, tashi take ta bi iska.

Dattijo: Yarana, ku kula da man tsofaffin tiransifoma. Wani yana ɗauke da PCB, wani sinadari mai guba, a ido kuma ba ka bambance shi da mai lafiya. Ganga ɗaya ta ɓata tanki guda. Aka ƙona shi a wuta mai rauni, dayoksin yake haifarwa, wata muguwar guba mai bin hayaƙi. PCB yana cikin gubobin da Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa wa takunkumi.

Mai Tambaya: Allah ya saka, Baba. To injin fa?

Injiniya: Ya fi dacewa da tayoyi da robobi, ko nan ma man tayoyi yana zuwa da farar wuta mai yawa. Ka tambayi mai tallar ina baƙin garin da ya rage zai tafi, da me kuma zai wanke hayaƙin. Ya fara kame-kame, ka rabu da shi.

Malamar Kimiyya: A Turai dokar ƙona shara ita ce digiri 850 na daƙiƙa 2, kilorin ya wuce kashi 1 sai 1,100. Ka riƙe wannan ma'aunin. Batura, asbestos (ma'adinin da ba ya cin wuta) da abubuwan fashewa kuma ba sa shiga tanderu sam.

Dattijo: Mai kwasa ya ba ku takardar inda ya sauke. Za a tsallaka iyakar ƙasa da su, Yarjejeniyar Basel ta wajabta samun amincewar ƙasar da za ta karɓa tukuna.