Waɗanda bikin Pongal ya taɓa riska a Indiya, ku zo ku ba mu labari

Ɗan Tsohuwa:
Assalamu alaikum jama'a. In Allah ya yarda farkon Janairu zan raka mahaifiyata Chennai, za a duba mata gwiwa. Wanda yake yi mana hanya a can ya ce mu yi ƙoƙari mu gama ganin likita kafin 13 ga wata, wai akwai wani bikinsu, Pongal, da gari yake watsewa. Na ce masa bikin mene ne, ya ce na shinkafa ne, bai ƙara komai ba. Don Allah wanda ya taɓa zama can a lokacin ya faɗa mana abin da idonsa ya gani. Kuma in an aiko mana da abincin bikin, yaya ake yi?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni ya riske ni a 2023, ina jinyar maigidana, mun kama ɗaki a saman wani gida, masu gidan suna ƙasa. Ranar 15 ga Janairu bayan asuba na leƙo, sai na ga matar gidan ta share ƙofa tas, ta yayyafa ruwa, ta durƙusa tana zane a ƙasa da garin shinkafa. Da yatsu biyu kawai take sakin garin, amma in kin ga zanen sai ki ce da ma'auni aka yi. Kolam suke ce masa. 'Yarta ta ce min da gangan ake yin sa da gari, don tururuwa da tsuntsaye su ma su samu rabonsu.

Can sai suka kafa murhu a tsakar gida, suka ɗora sabuwar tukunyar ƙasa, an ɗaure mata kurkum ɗanye da ganyensa a wuya, ga rake dogaye an jingina a gefe. Aka zuba madara. Na sauko na tsaya ina kallo. Madara ta fara tasowa, kumfa ya kawo baki, kuma ba wanda ya motsa. Kun san mu, hannu ya riga tunani. Ban san lokacin da na sunkuya na fara janye itace ba, ina cewa za ta zube, za ta zube! Tsohuwar gidan ta cafke min hannu, ta mayar da itacen. Madarar ta tumbatsa ta gangaro jikin tukunya, gidan gaba ɗaya ya ɗauki ihu, "Pongalo Pongal!" Yara suna tsalle, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage.

Ashe zubewar ita ce bikin. Tun safe ita suke jira. A gidanmu yarinya ta bar nono ya zube a wuta ai ranar sai ta sha faɗa, su kuma a wurinsu alama ce ta cewa gida zai cika ya batse a shekarar. Har na baro gidan, in tsohuwar ta gan ni sai ta kwaikwayi yadda na janye itace ta fashe da dariya.

Tsohon Ɗalibin Coimbatore:
Anti, ba ke kaɗai ba ce, duk baƙo sai hannunsa ya yi masa ƙaiƙayi. Kalmar pongal ɗin kanta a yaren Tamil tafasowa har a zube take nufi, kuma ita ce sunan abincin. Shekara huɗu na yi a jihar Tamil Nadu, inda Chennai take, bari in ɗan warware wa mai tambaya.

Bikin kaka ne na manoma. Su babban ruwansu a Tamil Nadu daga Oktoba zuwa Disamba yake sauka, shi ya sa girbin shinkafa, musamman a yankin Thanjavur inda kogin Kaveri yake rarrabuwa, yake faɗowa a Janairu. Da rana suke lissafin watanninsu, don haka ba ya zagayawa kamar sallarmu, kullum 14 ne ko 15 ga Janairu, ranar ɗaya ga watansu mai suna Thai. Suna da karin magana cewa in Thai ya kama, hanya za ta buɗe. Manomi ya sayar da amfani, kuɗi ya shigo, a biya bashi, a sa ranar aure. Da na ji sai na tuna ƙauyenmu, inda kowace magana ake ce maka bari kaka ta yi.

Kwana huɗu ne. Jajibere shi ne Bhogi, ranar fitar da tsofaffin tarkace a ƙona. Washegari babbar rana, wadda Anti ta gani: sabuwar shinkafa, madara, mazarƙwaila, man shanu da wani ɗan ƙaramin wake, a dafa a fili ana fuskantar gabas, a zuba a ganyen ayaba a miƙa wa rana, wadda a addininsu abin bauta ce mai suna Surya, godiya ce a kan amfanin gona. Rana ta uku ta shanu ce. Ta huɗu kuma ziyara da yawon buɗe ido. In kana Chennai ranar, bakin tekun Marina ba masaka tsinke.

Maganar gari ya watse gaskiya ce. Ma'aikatan Chennai da yawa 'yan ƙauye ne, kowa gida yake tafiya, kamar yadda Legas take zama in sallah ta zo mutanenmu sun hau mota.

Mai Asma:
Ni gargaɗi kawai zan yi. Asubahin Bhogi ku rufe taga. Tabarma, tsummokara, kwali, wasu har da taya da roba suke haɗawa duk da hukuma tana hanawa, yara suna zagaye wutar suna kaɗa 'yan ƙananan ganguna. Hayaƙin ya haɗu da hazon sanyi ya kwanta a gari, akwai shekarun da har jirage suka kasa sauka a kan lokaci. Ni kwana na yi da abin shaƙa a hannu. In Hajiya tana da matsalar ƙirji ku tanadi takunkumi.

Jikan Sarkin Fawa:
Ku bar ni da rana ta uku, Mattu Pongal. Ni gidan fawa na tashi, na ɗauka na san sa. Wani abokin karatuna ya kai ni ƙauyensu kusa da Madurai. Da safe aka kai shanu rafi aka wanke su, aka kankare ƙaho aka shafa masa fenti, ja da shuɗi da kore, aka rataya musu furanni da ƙararrawa, aka ba su irin abincin da mutane suka ci jiya. Ranar ba garma, ba amalanke. Baban abokina ya ce min shekara guda sa yana yi maka wahala, ranar nan kai ne bawansa.

Sai jallikattu, wasansu na kama bajimi. Mun je na Palamedu, akwai kuma na Avaniyapuram kafinsa da na Alanganallur bayansa, su ne manya. Ana sako bajimi ta wata 'yar ƙunƙuntar ƙofa, samari sun yi dafifi a bakinta cikin riguna masu lamba, an shimfiɗa ɓawon kwakwa a ƙasa saboda faɗuwa. Namu hawan ƙaho akwai igiya a ƙafar sa, ga kalangu yana zuga ka, kuma ƙahon kake nema. Su ba igiya, kuma ƙaho haramun ne, tozo ake runguma, mutum ɗaya, ya riƙe har sa ya yi ɗan nisa ko ya yi juyi da shi bai yar da shi ba. In ba wanda ya iya riƙe shi, mai san ne ya ci kyauta. Kuma babban bambanci, nasu ba ya ƙarewa a mahauta, gida yake komawa ana yi masa kirari.

Ba wasa ba ne fa. A gabana aka ɗauki wani yaro a makara irin ta asibiti, kuma kusan kowace shekara ana rasa rai. Kotun Ƙolin Indiya ta hana shi a 2014, a Janairun 2017 jama'a suka cika bakin tekun Marina da zanga-zanga har jihar ta yi dokar da ta dawo da shi, a 2023 kotun ta amince da dokar. Malam, kai da za ka je jinya, a talabijin za ka kalla.

Baƙon Allah:
Duk kun kauce wa tambayarsa ta biyu. Ni dai ban ci ba. Maƙwabcina ya aiko, na san an miƙa wa rana kafin a raba, zuciyata ba ta kwanta ba. Na karɓa hannu bibbiyu, na yi godiya, daga baya na same shi na yi masa bayani a hankali. Wallahi bai ji haushi ba, shi da ba ya cin nama ya fi kowa sanin mutum yana da abin da ba ya ci. Da yamma sai ga ɗansa da rake guda biyu da ayaba, ya ce wannan daga kasuwa suke kai tsaye.

Tsohon Ɗalibin Coimbatore:
Haka ne Malam, amma a bambance masa abu biyu. Akwai wanda aka dafa a tukunyar biki aka yi addu'arsu a kai, akwai kuma pongal na kowace safiya da ake sayarwa a gidajen abinci duk shekara, mai gishiri da masoro, karin kumallo ne kawai kamar kunu da ƙosai. A makarantarmu kuma ana yin wanda suke kira Samathuva Pongal, na kowa da kowa, Musulmin Tamil da Kiristoci duk suna zuwa. Cikin Musulmin da na zauna da su akwai masu cewa bikin Tamilawa ne da na manoma, akwai masu tsayawa daga nesa. Ni na ci na makaranta, na bar na gida. Ka tambayi malaminka kafin ka tashi, ya fi ka tsaya kana inda-inda da kwano a hannu.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku 'yan uwa. Ni a Pune na yi karatu, can sunan shi Makar Sankranti, rana ɗaya ce da ta Tamilawa. Ba tukunya, riɗi ne da mazarƙwaila ake dunƙulawa, tilgul. Da aka miƙo min na ce wannan ai kantu ne, tun ina yaro nake saye a bakin makaranta. Mai ba ka zai ce "tilgul ghya, god god bola", wato karɓi riɗi, ka yi magana mai daɗi. Wani da muka yi wata biyu ba ma gaisawa saboda rigimar kuɗin wuta, ranar ya ƙwanƙwasa min ƙofa da shi a tafin hannu. Ya zan yi, na karɓa.

Alhajin Yadi:
A Surat ya same ni, na je sarin kaya. Su can jihar Gujarat jirgin takarda suke saki sama da zare, kowa yana kan rufin gida tun safe, ana yanke wa juna zare ana ihu. Kwana biyu ban ga dillalina ba. Zaren ana shafa masa garin kwalba, masu babur har wani ƙarfe suke lanƙwasawa a gaba don kada ya yanke musu wuya.

Maman Biyu:
Na manta da wani abu, ɗana. Akwai safiyar da matan gidan suka hau rufi suka jera ganyen kurkum, suka ɗora dunƙulen shinkafa kala-kala don hankaki, wai addu'a ce ga 'yan uwansu maza. Su kuma mazan suna aika wa 'yar uwarsu da ke gidan miji kayan biki, tukunya da rake da atamfarsu. Ka gaya wa Hajiya wannan, za ta ce ai zumunci ne.

Sannan ka sayi maganinta da madara da burodi na kwana huɗu tun 12 ga wata. Sashen gaggawa yana aiki, amma likitan da yake ganin maigidana sai da biki ya wuce muka sake sa shi a ido, masu adaidaita sahu kuma kuɗin da suka ga dama suke faɗa.

Ɗan Tsohuwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya duka. Maganar sa ba ta dame ta ba, hayaƙi ma ta ce ta saba da na murhu. Abu ɗaya ta ce in tambayo mata: raken nasu irin baƙin nan ne mai taushi, ko mai karya haƙori?

Maman Biyu:
Baƙi ne, mai kauri, ruwa kamar me. Ka tafi da 'yar wuƙa a jakar da za a auna, su da haƙori suke ɓarewa.