Lid ɗin da muke saya ne ba su da kyau, ko ni ne ban iya kira ba?

Sabon_Ejan:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sana'ar inshorar lafiya a nan Amurka ku taimaka min da shawara, abin ya fara isata wallahi. Wata huɗu kenan da na samu lasisi a Texas, na gama horon HealthCare.gov (shafin gwamnati da ake sayen inshorar lafiya ta tsarin Obamacare), komai ya kammala, sai wanda ya shigo da ni harkar ya ce tunda ban san mutane ba in sayi lid kawai in fara kira. Ga wanda bai sani ba, lid suna ne da lambar wayar mutumin da aka ce ya cika fom a intanet yana neman inshora, wani kamfani ya tattara ya sayar maka.

To na zuba dala 900 na sayi guda 75, dala 12 kowanne, wai sababbi ne fil. Ga abin da na gani tunda ina rubutawa a littafi: 19 lambar ma ba ta shiga ko kuma ba mai sunan ba ne ya ɗauka, 33 har yau ba su ɗaga ba duk da na kira sau uku-uku, 23 ne kawai na ji muryarsu. A cikin 23 ɗin nan tara sun rantse ba su taɓa cika wani fom ba, takwas kuma tambayarsu ɗaya ce, wai ina katin kuɗin da aka ce gwamnati za ta ba su, uku suna da inshora ta wajen aiki, uku na yi wa rajista ɗaya ta fice bayan sati biyu.

Wadda ta fi tsaya min a rai wata mata ce, ina jin yaro yana tsala kuka a bayanta, ko gaisuwa ban gama ba ta ce kai ne na bakwai yau, wa ya ba ku lambata ne wai? Ta kashe. Na daɗe riƙe da waya ina jin kunya kamar na yi sata. Shin haka sana'ar take in yi haƙuri, ko an yi min sakiyar da ba ruwa ne?

Baba Mai Inshora:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, duk wanda ka gani a harkar nan ya taɓa zubar da irin wannan kuɗin, ni nawa ma ya fi naka. Amma tambaya ɗaya zan yi maka, da ka ba kamfanin lid ɗin katin bankinka ka tambaye su mutum nawa suke sayar wa lamba ɗaya? Na san ba ka tambaya ba. A dala 12 da wuya a ce naka ne kai kaɗai, na tarayya ne, wato mutum yana danna maɓalli a daƙiƙar nan lambarsa ta tafi wajen ejan huɗu ko biyar, wasu ma manyan ofisoshi ne masu na'urar da ke kira da kanta, kai kana neman biro su sun riga sun gama magana da shi. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Matar da ta ce kai ne na bakwai ba ƙarya ta yi ba.

Lid ɗin kala-kala ne ai. Akwai na tarayyan nan, akwai wanda ake ce maka naka ne kai kaɗai mai tsada (shi ma ka karanta yarjejeniya, wani lokacin keɓewar ta kwana 30 ce daga nan a sake sayar da shi), akwai tsofaffi da suka yi wata biyu ko uku waɗanda ake bayarwa kusan kyauta, sai kuma wanda ake haɗo ka da mutumin kai tsaye yana kan layi, shi ne ya fi tsada.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da shekaru suka koya min shi ne darajar lid tana wajen tallan da mutumin ya gani kafin ya ba da lambarsa. Wanda ya zauna ya rubuta a Google yana neman inshora saboda an sallame shi daga aiki kuma matarsa na da juna biyu, wannan ko ejan biyar suka kira shi zai saurari wani a ciki. Wanda kuma yana cikin kallon bidiyo a Facebook aka nuna masa ana ƙirga daloli aka ce akwai tallafin 6,400 da zai karɓa ya yi cefane ya sha mai, shi ba inshora yake nema ba, kuɗi yake jira. Kuma ka san tallafin Obamacare ba kati ba ne da ake miƙa wa mutum, galibi gwamnati kamfanin inshora take tura wa don a rage wa mutumin kuɗin da yake biya duk wata. Kai ne za ka gaya masa babu kati, kai zai zaga. Mutum takwas ɗin da suka tambaye ka kati sun riga sun gaya maka inda aka samo lid ɗinka.

Don haka ni yanzu kafin in biya ko sisi sai an turo min hoton tallan da kuma shafin da aka cika fom ɗin. In suka fara kame-kame wai sirrin kasuwanci ne, ko wai abokan hulɗarsu ne ke kawowa, sai in ce Allah ya ba da sa'a.

Sannan ka daina lissafin kuɗin lid ɗaya, ka lissafa kuɗin mutumin da ka yi wa rajista kuma ya zauna bai fice ba. Dala 900 mutum biyu, kowanne ya tasam maka 450 kenan. In kamashonka kamar nawa ne, wajen dala 20 a wata kan kowane mutum, 40 kenan a wata, sai ka yi kusan shekara biyu kafin uwar kuɗi ta dawo, in ma sun zauna.

Hajiya Ta Florida:

Sannu ɗana, Allah ya mayar da alheri. Baba ya yi maganar kuɗi, ni abin da ya tayar min da hankali a rubutunka mutum tara ɗin nan ne da suka ce ba su cika fom ba, kai kana ganin asarar dala 12 ce, ni kuma kotu nake hangowa.

Akwai dokar kiran waya ta 1991 da ake ce wa TCPA, kira ɗaya ko saƙo ɗaya da ya saɓa mata dala 500 ne, in aka tabbatar da gangan ne ya kai 1,500, kuma kowane kira ake ƙirgawa daban. Ga rajistar waɗanda ba sa son a kira su da hukumar kare masu saye ta FTC ta buɗe tun 2003, ana son ka tace lambobinka da ita duk kwana 31. Kariyarka ita ce mutumin ya yarda a rubuce a kira shi, to in ya ce bai cika ba kai me za ka nuna? Wanda ya buga wayar shi ake fara kamawa, kamfanin lid ɗin kuma in ka duba ƙananan rubutun yarjejeniyarsu galibi sun riga sun wanke hannunsu. Ka ce su haɗo maka da shaidar amincewa ta kowane lid, irin wadda kamfanonin tantance lid ke bayarwa kamar TrustedForm ko Jornaya, tana nuna rana da lokaci da shafin da aka cika, wata ma har yadda aka yi ta danne-dannen za ka kalla. Na taɓa buɗe wata na ga an cika suna da adireshi da ranar haihuwa duk cikin daƙiƙa biyu, na ce to wannan ko aljani ne ko kwamfuta.

An so a gyara abin. A Disambar 2023 hukumar sadarwa ta FCC ta fito da ƙa'idar cewa amincewa ɗaya ta kamfani ɗaya ce, ba mutum ya danna sau ɗaya a raba wa ɗaruruwa ba, za ta fara aiki 27 ga Janairun 2025 sai kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta ana saura kwana uku. Shi ya sa har yanzu in ka danna ɗan rubutun abokan hulɗa da ke ƙasan fom za ka ga sunaye kamar ba za su ƙare ba.

In kuma wata rana ka shigo Medicare irin tamu, wato inshorar gwamnati ta tsofaffi, nan abin ya fi tsauri. Ba a kiran tsoho haka kawai a tallata masa Medicare Advantage (Medicare ɗin da kamfanoni masu zaman kansu ke gudanarwa) sai shi ya nemi a kira shi, kiran ciniki dole a naɗe shi a ajiye, kuma daga 1 ga Oktoban 2024 mai talla ba zai miƙa bayanan mutum ga wani mai tallan ba sai da rubutacciyar yardarsa. In wanda ka yi wa rajista ya fice cikin wata ukun farko kuma kamashon gaba ɗaya ake ƙwacewa. A ɓangarenku na Obamacare ma tun 2023 sai ka ajiye shaidar cewa mutum ya yarda ka taɓa masa fayil har shekara 10, kuma saboda irin tallan katin kuɗin nan da sauya wa mutane inshora ba da saninsu ba ne a Yulin 2024 CMS, hukumar da ke kula da harkar, ta toshe hanyar, ejan da ba shi ke kan fayil ba sai an yi kira na mutum uku, shi da mai inshorar da cibiyar kiran HealthCare.gov, kafin ya canza komai.

Af, in ka ɗauki lasisin Florida ka kula, mu nan kira daga 8 na safe zuwa 8 na dare ne ba 9 ba, kuma kar ya wuce sau uku cikin awa 24.

Ɗan Kira:

Ni fa gaskiya ban yarda duk laifin lid ba ne, ku yi haƙuri Baba da Hajiya. Malam ka ce 33 ba su ɗaga ba bayan kira uku, kira uku har kira ne? Kuma ƙarfe nawa ka kira? In duk da rana tsaka ne mutane suna wajen aiki. Sannan ka gwada kiran wayar matarka ko abokinka da layin da kake aiki da shi ka ga me yake fitowa, ni sati biyu na yi ina ta zagin kamfanin lid ashe layina Scam Likely (wato wataƙila ɗan damfara ne) yake nunawa a wayar mutane, waye zai ɗauka.

Ni tsofaffin lid nake saya, masu kwana 60 zuwa 90, ba su kai dala ɗaya ba, lokacin duk masu rububi sun gaji sun watse sai in zo a hankali, kuma gab da 1 ga Nuwamba da ake buɗe rajistar inshora ta shekara sun fi amfani domin wanda ya nema a watan Agusta bai samu damar shiga ba yanzu ƙofa ta buɗe masa. Yawancinsu shara ne na sani amma sharar mai araha ce, aikin dai haƙuri.

Abu ɗaya da na yarda da shi, ka sa su tace maka da kuɗin shiga. Texas ba ta faɗaɗa Medicaid ba, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, to za ka samu mutum yana so da gaske, ku yi minti arba'in kuna hira har ya ba ka labarin ciwon sugansa, sai a ƙarshe ka ga samunsa bai kai layin talauci ba, ba tallafi ba Medicaid, ba abin da za ka iya yi masa.

Hajiya Ta Florida:

Ɗan Kira tsofaffin nan naka ka yi hattara da su, cikin wata uku mutum yana iya sakin layi a ba wani, kai kuma kana riƙe da amincewar wancan na farko. Akwai rumbun lambobin da aka sake rabawa da FCC ta buɗe a 2021, ka riƙa dubawa kafin ka kira.

Sabon_Ejan:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Baba na bi maganarka na rubuta musu ina son ganin tallan, kwana biyu shiru, da na ce zan kai ƙorafi bankina sai ga wani ya kira yana ta ba ni haƙuri, ya turo hoton shafin fom amma tallan kansa wai ba su ke yi ba. A saman shafin ma rubutu ne ɓaro-ɓaro wai ka duba ko ka cancanci tallafin kuɗi, kalmar inshora sai can ƙasa da ƙananan haruffa da sai na zuƙo hoton sannan na iya karantawa. Shaidar amincewa kuma 41 kawai suka iya kawowa cikin 75.

Sun ce 19 ɗin da lambarsu ba ta aiki za su musanya min da wasu, kuɗi dai ba sa mayarwa, kuma wai da cikin kwana bakwai na kawo ƙorafi da sun karɓi har da na waɗanda suka ce ba su cika ba. Ɗan Kira kai ma ka yi gaskiya, na kira wayar maiɗakina da layin aikin, abin da ka faɗa shi ya fito, kunya ta kama ni.

Yanzu 19 ɗin nan in karɓa ko in bar musu? Kuma 33 ɗin da ba su ɗaga ba, 14 daga ciki ba su da shaida.

Baba Mai Inshora:

Karɓi abinka mana, kuɗinka ne, amma ka ce sai masu shaida kuma a riƙa turo maka biyar-biyar a lokacin da kake zaune gaban waya, ba su juye maka duka da tsakar dare ba. 14 ɗin can kuma ka ja musu layi a littafinka, kar ka ƙara taɓa su. Ka gyara layin wayarka tukuna kafin ka ce su fara turowa.