Medicare da Medicaid a Hannun Mutum Ɗaya: Abin da Aka Tattauna

Tattaunawar ta taso ne a kan tsofaffi da masu buƙata ta musamman a Amurka da ke riƙe da katin Medicare da na Medicaid lokaci guda. Duk biyun shirye-shiryen inshorar lafiya ne na gwamnati, an kafa su a 1965. Medicare na gwamnatin tarayya ne, na masu shekara 65 zuwa sama da wasu masu naƙasa. Medicaid kuwa na masu ƙaramin ƙarfi ne, jihohi ke gudanar da shi, shi ya sa a Kalifoniya ake kiransa Medi-Cal.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a nuna katunan biyu duk lokacin da aka je asibiti. Medicare ke fara biya, Medicaid ya biyo baya. Wanda ke cikin tsarin QMB, wato tallafin Medicaid da ke biya wa mai ƙaramin ƙarfi kasonsa na kuɗin Medicare, doka ta hana likita cajinsa ragowar kuɗin da Medicare ya bari, don haka idan takardar biya ta zo, a kira a yi magana kafin a zura hannu aljihu.

An daɗe a kan sabunta Medicaid duk shekara, kuma a ganina nan ne aka fi tuntuɓe. Wasiƙa ta tafi tsohon adireshi, ba a mayar da amsa ba, sai a wayi gari an yanke.

Game da D-SNP, wato tsarin inshora na musamman mai haɗa Medicare da Medicaid, a fara tabbatar da likitanka yana ciki. Ofishin SHIP, wato shirin taimaka wa masu Medicare su fahimci inshorarsu, na kowace jiha yana ba da shawara kyauta.