Neman shawara: in sayar da filayena na Tumfure in sayi fulat a Jabi?

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana. Ni ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi a nan Gombe, harkata tana yawan kai ni Abuja, ga kuma 'ya'yana da suke karatu a can. Wani dillali ya nuna mini fulat mai ɗakunan kwana uku a hawa na biyar na wani sabon bene a Jabi, wanda daga tagar falonsa ana hango tafkin unguwar. Ginin yana da lif da masu gadi da wurin ninkaya da ɗakin motsa jiki, kuma an ce wuta ba ta ɗaukewa. Kuɗin da aka yanka mini ba zai haɗu ba sai na sayar da filayena biyu na Tumfure, na kuma taɓa jari. Uwargida tana so ƙwarai, yayana kuwa ko maganar ba ya son ji. Mahaifiyata tana hannuna, duk inda na koma da ita zan tafi. Ina roƙon waɗanda suka san irin wannan zama su ba ni shawara.

Wani lauya daga Bauchi:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kafin a kai ga maganar kyan gida, a fara sanin abin da za ka mallaka. Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasa tana hannun gwamna a jihohi, a Abuja kuma Ministan Babban Birnin Tarayya ne yake ba da izini, kuma takardar shaidar mallaka yawanci ta shekara 99 ce. Filin da benen yake kai guda ɗaya ne, takardarsa ma guda ɗaya ce, kuma galibi da sunan kamfanin da ya yi ginin take. Abin da zai zo hannunka yarjejeniya ce da ta rataya a kan waccan takarda, saboda haka idan uwar takardar tana da matsala, taka ma ta samu matsala ko da ka biya kuɗinka lakadan. Ka ɗauki lauyanka na kanka, ban da wanda kamfanin zai haɗa ka da shi, ya je AGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja, da sauran ofisoshin da abin ya shafa ya bincika ko an jinginar da filin a banki, ko izinin ginin ya kai yawan hawan da aka ɗora, da kuma ko za a yi wa takardarka rajista da amincewar Minista. A rubuta a fili wane ne mai wurin ajiye mota, da rufin bene, da janareta, da rijiyar burtsatse bayan an sayar da fulat na ƙarshe. Duk wanda ya biya kafin wannan bincike ya yi cinikin biri a sama.

Wata Hajiya daga Federal Low Cost:
Yaya Alhaji, mun yi haya a irin wannan gini a Wuse 2 lokacin da maigidana yake aiki a can, kuma abin da dillalai ba sa son a tsaya a kansa shi ne kuɗin hidima da ake biya duk shekara. Wutar nan da aka ce ba ta ɗaukewa da dizal ake riƙe ta, litar dizal kuwa ta daɗe da haura naira 1,000, sannan a watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit. Gyaran lif da albashin masu gadi da maganin ruwan ninkaya duk a kan mazauna ake rabawa, kuma ko ka kulle ƙofarka ka dawo Gombe ka yi damina, kasonka yana nan yana taruwa. Ka nemi su nuna maka lissafin abin da aka karɓa bara da bana da yadda aka kashe shi.

Abin da ya fi damuna shi ne Inna. A gininmu wasu maƙwabta sun ƙi biyan nasu kason, lif ya lalace aka rasa kuɗin gyara, har surukata ta daina sauka ƙasa gaba ɗaya, sai dai ta ja kujera bakin taga tana jan carbi tana kallon motoci. Tsohuwar da ta saba shimfiɗa tabarma a tsakar gida, maƙwabta suna shigowa gaisuwa ba tare da neman izinin kowa ba, ita ce aka wayi gari baƙonta yana tsaye a bakin get sai mai gadi ya buga waya sama. An hana daka a turmi saboda na ƙasa, an hana shanya a baranda, ragon layya ma sai da muka kai shi gidan wani ɗan uwa a Kubwa aka yanka. Ka karɓi littafin dokokin ginin ku karanta tare da uwargida, domin ita ce za ta wuni a ciki.

Wani matashi daga Pantami mai aiki a Abuja:
Baba, da girmamawa ga iyayena da suka yi magana, ni a irin wannan gini nake zaune kuma ban yi nadama ba. Ga mai yawan tafiya kamarka, babu kamar ka ja ƙofa ka tafi wata guda hankalinka kwance, ba ka tunanin ɓarawo ko mai gadi ko famfo. Wanda ya riƙe gida shi kaɗai a Abuja, shi ma yana sayen mai da biyan mai gadi, kuma babu mai taya shi. Abin da zan ƙara kawai, ka tambaya ko ana ba da wasu ɗakunan hayar kwana-kwana, domin inda ake yin haka maƙwabcinka yana canzawa duk mako, ga kiɗa cikin dare, kuma da su 'ya'yanka mata za su riƙa haɗuwa a lif.

Wani malami daga Bolari:
Allah ya ƙara wa rayuwa albarka, Alhaji. Ka yi tunanin magada. Fili ana iya yanka shi kowa ya ja katangarsa, fulat kuwa ba ya rabuwa, sai dai a yi masa kuɗi ko a sayar, kuma kafin a daidaita kuɗin hidima yana hawa kan marayu. Ni da za ka ji ta tawa, ka kama hayar irinsa na shekara guda, ka kai Inna ta zauna, filayenka suna nan ba su je ko'ina ba.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na kira dillalin na nemi kwafin takardar filin da lissafin kuɗin hidima da dokokin ginin, ya ce takardar filin sai na fara ajiye wani abu kafin a nuna mini. Barista, haka ake yi a Abuja, ko in tsaya a kan sai na gani tukuna?