Tambaya kan DR (Damage Reduction, wato rage dameji) a wasan Dungeons & Dragons (D&D) bugu na 3.5, wai ya ake lissafinsa ne?

Sadiq_Kn: Salam 'yan uwa. Don Allah a bayanan dodon ƙwarangwal an rubuta DR 5/bludgeoning, me hakan yake nufi? Na sare shi da takobi dameji 7 amma mai jan wasan ya ce 2 kawai ya shiga.

Ummi92: Wslm. Gaskiyarsa ne ai. Lambar farko ita ake cirewa daga duk saran da ka kai, kalmar da ke bayanta kuma ita ce makamin da ke wucewa ba a rage komai. Ƙwarangwal ƙashi ne zalla, takobi ba ya masa illa sosai, ka nemi makamin duka (shi ne bludgeoning) kamar kulki ko guduma sai 7 ɗinka ta shiga cif. Kuma kowane sara daban ake cirewa, shi ya sa mai kai ƙananan sara da yawa ya fi shan wahala, in saranka 4 ne to sifili ka ci.

Baban_Nana: Ƙari a kan na Ummi, DR bai shafi tsafi ba, wuta ko tsawa duk wucewa suke. Mutumin da ke rikiɗa kerkeci shi kuma azurfa ce maganinsa, sai dai makamin da aka shafa wa azurfa dameji ɗinsa na raguwa da 1. In ka ga layi kawai bayan lambar kamar na barbariyan (wani nau'in jarumi a wasan) a lebul 7, to babu makamin da ke wuce shi.

Sadiq_Kn: To in mutum yana da DR biyu haɗawa ake?

Ummi92: A'a malam, wanda ya fi amfani a saran kawai ake ɗauka. Bugu na 5 na 2014 ma sun sauƙaƙa abin, raba dameji biyu suke yi.