Baje kolin littattafan da aka taɓa hanawa: yaya ake shirya shi a laburaren jama'a?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'aikatan laburare. An ware wa sashenmu kanta biyu da akwatin gilashi ɗaya a bakin ƙofa, an ce mu shirya baje koli na mako guda kan tace littattafai da 'yancin karatu. Waɗanda suka saba da aikin, me ake ajiyewa, kuma ta ina abin ya fi lalacewa?

Ma'aikaciyar laburare a Amurka: Wa alaikumus salam. A nan tun 1982 ake keɓe mako guda don wannan, yawanci ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kuma ƙungiyar laburarori ta ƙasar, ALA, ce kan gaba. Abu na farko, ka raba littafin da aka kawo ƙorafi a kansa da wanda aka cire daga kanta. Ba ɗaya ba ne. A 2023 ALA ta lissafa littattafai daban-daban 4,240 da aka nemi a cire ko a taƙaita, amma ba duka aka cire ba. Idan ka rubuta "an haramta" a kan wanda ƙorafi kawai aka yi, mutum ɗaya mai sani ya isa ya zubar maka da mutuncin baje kolin gaba ɗaya.

Don haka ƙarfinka ya tafi kan ɗan katin da ke gaban kowane littafi: wa ya hana, a ina, wace shekara, wane dalili ya bayar da bakinsa, kuma yaya aka ƙare. Kalmomi 40 zuwa 60 sun isa, domin a tsaye ake karantawa. Wanda ba ka samo masa waɗannan biyar ba, mayar da shi kanta. Littattafai 12 masu cikakken kati sun fi 50 da aka jibge.

Sannan ka guji zagaye kantar da zaren rawaya irin na 'yan sanda, ko da yake yana kyau a hoto. Masu zuwa sukan ɗauka laburaren ne da kansa ya hana, sai mako ya ƙare babu wanda ya ara. Ka rubuta da manyan baƙaƙe cewa ana iya aro, ka kuma tanadi kwafi biyu, ɗaya na nuni ɗaya na aro.

Tsohon ma'aikaci daga Kano: Hajiya ta yi bayani mai kyau, sai dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Su can suna jingina da tsarin mulkinsu da shari'ar Pico ta 1982, inda wasu ɗalibai a jihar New York suka kai hukumar makarantarsu har Kotun Ƙoli kan cire littattafai. Mu nan akwai hukumar tace fina-finai da ɗab'i da gwamnatin jiha ta kafa a 2001, kuma dokarta tana aiki. Littafin da hani yake kansa yanzu kada ka ajiye shi a kanta, balle ka ba da aro. Tarihin za ka nuna: ƙona littattafan Hausa da aka yi a 2007 lokacin Malam Ibrahim Shekarau ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, da takaddamar da ta biyo baya tsakanin hukumar a zamanin Abubakar Rabo da marubuta kan yi musu rajista. Yankan jaridun lokacin sun wadatar. Ka sa hujjar hukuma a gefe guda, martanin marubuta a ɗaya gefen, da girman rubutu iri ɗaya. Wanda ya ga an danne ɓangarensa shi ne zai fara kai ƙara.

Kuma kafin ka buga ƙusa ko ɗaya, ka miƙa wa shugaban laburare jerin duk abin da za a nuna da rubutun kowane kati, ya sa hannu, ka riƙe kwafi. Izinin baki yakan ɓace ranar da aka zo tambaya.

Mai tambaya: Na gode Baba. To na ƙasashen waje fa, in haɗa?

Tsohon ma'aikaci daga Kano: Haɗa biyu ko uku, suna sanyaya zance. Jerin haramtattun littattafai na cocin Katolika daga 1559 zuwa 1966, da ƙona littattafai a Berlin ranar 10 ga Mayu 1933. Na gida kuma, Doka ta 4 ta 1984 da aka ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor da ita. Jarida ce ba littafi ba, amma hannu ɗaya ne.

Mai kula da adana takardu: Ni ta fuskar kayan zan yi magana. Littattafanmu na kasuwa da tsoffin jaridu a kan takarda mai arha aka buga su, hasken rana na 'yan kwanaki ya isa ya mayar da ita rawaya. Akwatin da ke bakin ƙofa ko kusa da taga bai dace da na asali ba. Ma'aunin da ake bi don takarda shi ne haske kamar luks 50 (luks shi ne awon ƙarfin haske), danshi kuma wajen kashi 50 cikin ɗari, kuma kusan babu laburaren jiha da zai iya riƙe wannan tsakanin damina da hunturu. Mafita ita ce a ɗauki hoto mai launi a buga, na asali ya zauna a ma'aji. In dole sai an nuna na asali, kada a buɗe shi ya baje, a tallafe bangon biyu da kwali, a riƙa sauya shafi. Salatif kada ya taɓa takarda, gam ɗinsa yana barin tabon da ba ya fita. A duba wayar da aka ɗinke littafin da ita, in ta yi tsatsa tsakiyar za ta yage da buɗewa ɗaya.

Malamar sashen yara: Ƙorafi zai zo, ku shirya masa tun kafin buɗewa. Wanda ke kan tebur kada ya yi gardama, kada kuma ya ɗauke littafi don wani ya ɗaga murya. Ya saurara, ya miƙa fom: sunan littafi, shafin da ake magana a kai, ko mai ƙorafin ya karanta shi duka, da abin da yake so a yi. Kwamiti na mutum uku ko biyar ya karanta, ya ba da amsa a rubuce cikin wa'adin da aka sanar. Da yawa a kan tambayar shafin nan suke tsayawa, don labari aka ba su. Iyaye kuwa suna da hakki kan abin da nasu 'ya'yan za su karanta, shi ya sa nake ganin kantar ta zauna a sashen manya, nesa da hanyar 'yan firamare.

Ma'aikaciyar laburare a Amurka: Haka ne Malama. Ƙari ɗaya: in za ku yi zaman tattaunawa, ku gayyaci marubuci da malami da wakilin masu tacewa, kowa minti goma, tambayoyi a rubuce a takarda. Kuma kada a fitar da sunayen waɗanda suka ari littattafan baje kolin ga kowa, ko da a rahoton ƙarshe ne. Adadi kawai za a rubuta.